Mutum Biyar, Akwatin Gawa Ɗaya

Ranar 5 ga Disamba 1975 aka yi wata jana'iza a birnin Jakarta. Mamatan su biyar ne, akwatin gawa ɗaya tak, shi ma ba a cika shi ba, domin abin da ya rage na mutanen bai wuce ƙonannun ƙasusuwa da toka ba. Makonni uku kafin nan hukumar leƙen asirin Indonesiya ta miƙa su ga ofishin jakadancin Ostireliya cikin ƙananan akwatuna huɗu. Huɗu, ga mutum biyar. Jakadan Ostireliya, Richard Woolcott, ya halarci jana'izar tare da ma'aikatansa. Babu uwa, babu mata, babu 'yar'uwar ko ɗaya daga cikin mamatan a bakin kabarin.

'Yan jarida ne na gidajen talbijin biyu na Ostireliya. Greg Shackleton da Tony Stewart 'yan Ostireliya ne, Gary Cunningham ɗan Niyu Zilan, Malcolm Rennie da Brian Peters kuma 'yan Birtaniya. Babu wanda ya kai shekara talatin a cikinsu, ƙaraminsu Stewart shekararsa 21. Sun mutu da safiyar 16 ga Oktoba 1975 a Balibo, wani ɗan gari a kan tudu a Timor ta Gabas, kusan kilomita goma daga iyakar Indonesiya.

Bayanin da Jakarta ta bayar gajere ne: tsautsayi. Wai 'yan Timor ne ke yaƙi da junansu, baƙin suka shiga tsakani, harsasai suka rutsa da su, gidan da suke ciki ya kama da wuta. Gwamnatocin ƙasashe uku da suka rasa 'ya'yansu ba su yi wata jayayya ta a-zo-a-gani ba. Shekara 32 aka ɗauka kafin wata kotu ta faɗi abin da ya faru, kuma kafin a kai can sai da aka tone abin da ya fi kisan mutum biyar girma nesa ba kusa ba.

Tsibirin Timor rabi biyu ne. Yammacinsa Holan ta mulka, ya faɗa cikin Indonesiya. Gabashinsa Fotugal ta riƙe shekaru ɗaruruwa, ta bar shi da talauci, da cocin Katolika, da mutane kimanin dubu 650. Da sojoji suka kifar da gwamnatin kama-karya a Lisbon a Afrilu 1974, Fotugal ta fara sakin ƙasashen da take mallaka, irin su Mozambik da Angola da Gini Bisau. A Timor jam'iyyu uku suka fito: Fretilin mai son 'yanci nan take, UDT mai son a bi a hankali, da ƙaramar Apodeti mai son haɗewa da Indonesiya. A Agusta 1975 UDT ta yi yunƙurin ƙwace mulki, aka gwabza na 'yan makonni, Fretilin ta yi rinjaye, gwamnan Fotugal ya kwashe nasa ya nasa ya tsallaka tsibirin Atauro. Ragowar mayaƙan UDT suka gudu yamma, suka faɗa hannun sojojin Janar Suharto, shugaban Indonesiya.

Zuwa Oktoba, wato, yaƙin basasa ya riga ya ƙare. To wane yaƙi ake yi a Balibo? Wannan ita ce ɓaraka ta farko a labarin tsautsayi, kuma ita ce ta kai 'yan jaridar bakin iyaka. Ana ta raɗe-raɗin cewa sojojin Indonesiya ne ke tsallakowa cikin kayan gida, ba lamba ba tuta, suna sa 'yan gudun hijirar Timor a gaba don a ce rikicin cikin gida ne. Jakarta tana musantawa. Daga tsohuwar ganuwar Fotugal da ke saman tudun Balibo ana hango teku, ana hango jiragen ruwan yaƙi. Wanda ke da kyamara a wannan wuri yana da abin da zai ƙaryata gwamnati guda.

Akwai wani faifan fim da suka samu suka aika Dili, babban birnin Timor ta Gabas, kafin ranar, kuma har yau ana nuna shi. An ga Shackleton tsaye a jikin gidan da suke kwana, yana zana tutar Ostireliya a bango da fenti, ya rubuta sunan ƙasar da manyan baƙaƙe. Lissafinsa mai sauƙi ne: duk sojan da ya ga wannan zai san baƙi ne, ba mayaƙa ba. A rahotonsa na ƙarshe ya ba da labarin wani dare da ya zauna da mutanen ƙauye suna tambayarsa me ya sa Ostireliya ba ta taimakonsu. Tambayar tana da tushe. A 1942 mutanen Timor ne suka ɓoye sojojin Ostireliya a duwatsu, suka ciyar da su, lokacin da Japan ta mamaye tsibirin, kuma fiye da mutum dubu 40 nasu suka halaka a wannan yaƙin da ba nasu ba.

Mutum na farko da ya bi sawun mamatan tsohon ɗan jarida ne mai suna Roger East, ya haura shekara hamsin. Ya isa Dili a Nuwamba, ya zauna da mayaƙan Fretilin da suka tsere daga Balibo, ya aika rahoton cewa baƙin sun ɗaga hannu sun miƙa wuya, aka harbe su duk da haka. Ba a ɗauki maganar da nauyi ba, aka ce ai bakin 'yan tawaye ne. Ranar 28 ga Nuwamba Fretilin ta ayyana 'yancin kai. Ranar 7 ga Disamba Indonesiya ta yar da mayafin ɓoye-ɓoye, ta sauke sojojin lema a kan Dili, jiragen ruwa na ruwan wuta daga teku. Washegari aka tasa ƙeyar mutane zuwa tashar jiragen ruwa, ana harbe su ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ruwa. East yana cikinsu, hannunsa a ɗaure. Haka mai bincike ya zama na shida. Daga nan aka rufe ƙasar ruf, shekara goma sha uku baƙo ba ya shiga sai da izinin soja.

Amma mutane suna fita, ko da ɗaiɗai ne, kuma kowa ya fita da abin da idonsa ya gani. 'Yar jarida Jill Jolliffe ta shafe shekaru tana bin 'yan gudun hijira a Fotugal tana tattara shaidarsu. Matar Shackleton, Shirley, ta mai da abin aikin rayuwarta. Abin mamaki shi ne, waɗanda suka fi ba da bayani mai ƙarfi ba 'yan Fretilin ba ne. 'Yan UDT da Apodeti ne, waɗanda suka shigo Balibo a bayan sojojin Indonesiya da safiyar nan, suka tsaya suka gani. Labarinsu ya zo ɗaya a manyan gaɓoɓi. 'Yan Fretilin kaɗan ne a garin, kuma sun janye tun farkon harin, saboda haka ba wani musayar wuta lokacin da baƙin suka mutu. Sun fito cikin kayan gida, hannu a sama, suna faɗin ko su wane ne. An kashe su a dandalin garin da cikin wani gidan ɗan kasuwa Basine. Ɗaya ya kulle kansa a banɗaki, aka tilasta masa fitowa, aka soke shi da wuƙa. Daga baya aka sa wa wasu gawarwakin kakin soja, aka jingina su da bindigogi aka ɗauki hoto, sannan aka cinna musu wuta.

Da walakin, goro a miya. Wanda harsashi ya kashe bisa kuskure, me zai sa a canza masa kaya? Me zai sa a ƙone shi har ya zama toka?

Gwamnatin Ostireliya ta yi bincike a 1976, ta sake naɗa lauya Tom Sherman ya yi a 1996 da 1999. Rahotannin sun matsa kusa da gaskiya, sun yarda da hannun sojojin Indonesiya, amma sun bar ƙofar cewa ana cikin faɗa ne abin ya faru. Sai dai a 1998 wani suna ya fito fili a talbijin daga bakin wani shaida: Kyaftin Yunus Yosfiah, kwamandan sojojin kundumbalar da suka shiga Balibo. A lokacin da aka ambaci sunansa ya riga ya zama janar, kuma shi ne ministan yaɗa labarai na Indonesiya. Ka ji ikon Allah: mutumin da ake zargi da kashe 'yan jarida, shi ne mai kula da 'yan jarida. Ya musanta, bai kuma taɓa sauya magana ba.

An san hannun da ya yi kisan ke nan, an kuma san dalili. Sauran tambayar da ta fi ɗaure kai. Ƙasa takan tayar da jijiyar wuya a kan ɗan ƙasarta guda. Ga ƙasashe uku sun rasa biyar, sun yi gum. Me ya rufe musu baki?

Amsar tana cikin ma'ajiyar takardun Kanbera, fadar gwamnatin Ostireliya, kuma a Satumba 2000 ma'aikatar harkokin waje ta buɗe wani kaso nasu. Ashe tun watanni kafin harin, wasu na kusa da hukumar leƙen asirin Suharto suna zama da jami'an ofishin jakadancin Ostireliya suna karanta musu shirin dalla-dalla. Ranar 13 ga Oktoba, kwana uku kafin kisan, wani daga cikinsu mai suna Harry Tjan ya gaya musu ranar da za a fara kutsen da hanyar da za a bi, ya ambaci Balibo da suna. Saƙon ya isa Kanbera. Ga kuma tashar sauraron sirri ta Shoal Bay kusa da Darwin, wadda ke tatsar maganganun rediyon sojojin Indonesiya, ta yadda manyan jami'ai suka san an kashe Turawa a Balibo tun iyalansu na zaman jiran labari. Dabarar Jakarta ta yi aiki: wanda ka gaya wa sirrinka ya yi shiru, ya zama abokin tarayya. Da Kanbera ta yi ihu a kan kisan, da an tambaye ta yaushe ta sani, kuma me ta yi da sanin.

Shirun ma yana da tarihi. A Satumba 1974 Firayim Minista Gough Whitlam ya gana da Suharto a Wonosobo, ya nuna masa cewa a ganinsa Timor ta yi ƙanƙanta ta tsaya da ƙafarta, haɗewa da Indonesiya ya fi, in dai mutanenta sun yarda. Suharto ya riƙe rabin farko na maganar, ya zubar da na biyu. A Agusta 1975 kuma Jakada Woolcott, wannan dai da ya tsaya a bakin kabari, ya aika wa Kanbera saƙo yana tunatar da ita cewa akwai wani yanki na teku tsakanin Timor da Ostireliya da ba a shata iyakarsa ba, kuma zai fi sauƙi a daidaita da Indonesiya a kansa fiye da Fotugal ko Timor mai 'yanci. Shi da kansa ya yarda shawara ce ta neman amfani, ba ta tsayawa kan aƙida ba. A ƙarƙashin wannan ruwa akwai man fetur da iskar gas. A 1978 Ostireliya ta amince da mamayar a aikace, a 1979 ta amince da ita a dokance, abin da sauran ƙasashen Yamma ba su yi ba. A Disamba 1989 ministocin wajen ƙasashen biyu, Gareth Evans da Ali Alatas, suka sa hannu kan yarjejeniyar raba arzikin suna cikin jirgin sama a saman tekun, suka ɗaga kofunan giya aka ɗauki hoto.

Ruwa ba ya tsami banza, amma Ostireliya ba ita ce babbar mai ba Suharto makamai ba. A koma ranar jana'izar nan, 5 ga Disamba. A wannan rana ce jirgin Shugaban Amurka Gerald Ford ya sauka a Jakarta, tare da sakataren harkokin wajensa Henry Kissinger. Washegari suka gana da Suharto, suka tashi, ba a cika kwana ɗaya ba sojojin lema suka sauka a Dili. Shekaru da yawa ana cewa biri ya yi kama da mutum, Kissinger yana cewa sam. A 1995, da aka tsare shi da tambaya a bainar jama'a a New York, ya ce ba a tattauna batun Timor da su ba, a filin jirgi ne kawai aka ɗan faɗa musu suna shirin tafiya.

A Disamba 2001 wata cibiyar bincike mai zaman kanta a Washinton, National Security Archive, ta samo cikakken rubutun ganawar ta wallafa. Suharto ne ya ɗauko zancen, ya nemi a fahimce shi idan ya ɗauki matakin gaggawa mai tsauri. Ford ya ce za su fahimta, ba za su matsa masa ba. Damuwar Kissinger biyu ce. Ta farko, makaman ƙirar Amurka ne, kuma doka ta ce don kare kai kawai aka ba da su, saboda haka sai an san yadda za a fassara abin. Ta biyu, lokaci: a yi a gama da sauri, kuma zai fi kyau a jira su koma gida tukuna. Kusan kashi 90 cikin ɗari na makaman da aka shiga Timor da su daga Amurka suka fito. Watanni bakwai ke nan da faɗuwar Saigon a hannun 'yan gurguzu, kuma Suharto, wanda ya hau mulki a kan gawarwakin aƙalla mutum rabin miliyan da aka kashe a 1965 da 1966 da sunan 'yan gurguzu, shi ne babban amininsu a yankin. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 384 yana neman Indonesiya ta janye, sai dai jakadan Amurka a Majalisar, Daniel Patrick Moynihan, ya rubuta daga baya cewa aikin da aka ba shi shi ne ya ga Majalisar ba ta tsinana komai ba, kuma ya yi nasara. Birtaniya, mai 'ya'ya biyu a cikin akwatin nan, ta zaɓi sunkuyar da kai, kuma a 1978 ta fara sayar wa Suharto jiragen yaƙi samfurin Hawk.

Bari in ɗan ratse, don na san abin da zai zo ran wani mai karatu: Indonesiya ƙasar Musulmi, Timor ta Kirista, ko dai wata farfaganda ce? Janar Benny Murdani, wanda ya tsara mamayar, ɗan Katolika ne. Mari Alkatiri, jigo a Fretilin wanda ya yi zaman gudun hijira a Maputo ya kuma zama firayim ministan Timor na farko bayan ficewar Indonesiya, Musulmi ne, asalin kakanninsa Yaman. Sojojin nan dai su ne suka buɗe wa Musulmi wuta a Tanjung Priok a 1984, suka yi ta'asa a Aceh. Bindigar Suharto ba ta tambayar alƙibla.

An ce a gama da sauri, ba a gama ba. Jama'a suka gudu duwatsu tare da mayaƙan Fretilin. Abin da ya karya su jiragen sama ne, musamman OV-10 Bronco da Amurka ta kawo, masu tashi ƙasa-ƙasa a hankali, waɗanda aka ƙera don farautar 'yan sari-ka-noƙe. A 1977 da 1978 aka yi wa duwatsun zobe, aka ƙone gonaki, aka yi ta ruwan bama-bamai a kan dutsen Matebian inda dubban iyalai suka fake. Waɗanda suka sauko aka tsare su a sansanoni, aka hana su zuwa gona, yunwa ta gama da su. Hukumar gaskiya da sulhu ta Timor, a rahotonta na 2005 mai suna Chega!, wato "ya isa" da harshen Fotugal, ta ƙiyasta aƙalla mutum 102,800 da suka mutu sanadin rikicin tsakanin 1974 da 1999: kimanin 18,600 kisa ko ɓacewa, 84,200 yunwa da cuta. Ta ce adadin zai iya kaiwa 183,000. A ƙasar da ba ta kai mutum dubu 700 ba.

Abin da ya sa nake ganin Balibo ita ce mabuɗin duka shi ne abin da ya faru bayan shekara 16. Ranar 12 ga Nuwamba 1991 sojoji suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a maƙabartar Santa Cruz a Dili, suka kashe aƙalla 250. Irin wannan an sha yi. Bambancin ranar, akwai Bature mai kyamara, Max Stahl, a laɓe tsakanin kaburbura. Ya ɗauka, ya binne kaset ɗin a cikin wani kabari kafin a kama shi, ya dawo da dare ya tone, aka yi fasa-ƙwaurinsa waje. 'Yan mintocin nan na hoto sun yi abin da ƙudurorin Majalisa suka kasa. Majalisar dokokin Amurka ta fara yanke tallafin horar da sojojin, a 1996 Bishop Carlos Belo da José Ramos-Horta suka sami kyautar Nobel, a 1998 Suharto ya faɗi, ranar 30 ga Agusta 1999 kashi 78.5 cikin ɗari suka zaɓi 'yanci. Sojoji da 'yan bangarsu suka ƙone ƙasar kafin su fita, suka kashe kimanin 1,400. Janar-janar ɗin sun san abin da kyamara ke iya yi tun 1975. Sun gwada kashe masu riƙe da ita, suka saurara su ji ko duniya za ta yi magana, suka ji tsit. Bayan mako bakwai suka shiga Dili da rana tsaka.

Kotun da ta rufe zancen ƙarama ce. Brian Peters mazaunin Sidni ne, saboda haka 'yar'uwarsa Maureen Tolfree ta nemi kotun binciken musabbabin mutuwa ta jihar da Sidni take ta duba lamarinsa. A 2007 mai shari'a Dorelle Pinch ta saurari shaidu, 'yan Timor da tsofaffin jami'an leƙen asiri. Ana cikin haka gwamnan Jakarta, Sutiyoso, tsohon sojan da ya yi aiki a bakin iyakar a 1975, ya zo Sidni ziyara, 'yan sanda suka same shi a ɗakin otal da takardar neman ya ba da shaida. Ya fusata ya koma gida, kuma shugaban gwamnatin jihar ne ya ba shi haƙuri.

Ranar 16 ga Nuwamba 2007 ta yanke hukunci. Ba ta wanke kowa don daɗin baki ba: ta ce 'yan jaridar sun sami damar barin garin suka zaɓi tsayawa, kuma ba ta ga hujjar cewa Kanbera ta san za a kashe su tun kafin a yi ba. Amma a kan kisan ba ta yi kwana-kwana ba. Da gangan aka harbe su ko aka soke su, ba a cikin zafin yaƙi ba, kuma sojojin musamman na Indonesiya ne suka yi, ciki har da Christoforus da Silva da Kyaftin Yunus Yosfiah, bisa umarnin Yosfiah, don kada su bayyana cewa Indonesiya ce ta kai harin. Ta ƙara da cewa akwai alamu masu ƙarfi umarnin ya gangaro ne daga Murdani ta hannun Kanar Dading Kalbuadi. Su biyun sun riga sun mutu.

Indonesiya ta ce a wurinta zance ya ƙare tun tuni, tsautsayi ne. 'Yan sandan tarayyar Ostireliya suka buɗe binciken laifin yaƙi a 2009, suka rufe shi a Oktoba 2014, wai hujja ba ta isa ba. Shirley Shackleton ta rasu a Janairu 2023 tana da shekara 91. Har yau ba a gurfanar da ko mutum ɗaya a gaban alƙali kan kisan Balibo ba.